Makokin da Muka Zauna wa Madam Nora

Tun ranar da na sauka daga mota a ƙofar gida ban huta da tambaya ba. A Islamiyya, a gidan suna, har a layin asibiti, sai wata ta dafa ni ta ce, "Malama Talatu, yaya Masar? Kin ga dala? Kin ga kogin da aka saka Annabi Musa?" Bakina ya gaji. To yau na zauna zan faɗa sau ɗaya, wadda ta sake tambaya in miƙa mata takarda. Amma ku sani tun yanzu, dala daga cikin mota na hango ta, kuma ba ita na ɗauko a zuciyata ba. Wata tsohuwar Baturiya na ɗauko.

Abin da ya kai ni, autata Rukayya ce ta haihu a Alƙahira ƙarshen shekarar 2014. Mijinta Malam Mustafa yana can yana zurfafa karatun hadisi. Haihuwar fari ce, da a nan ne gida za ta dawo wanka. Na ce tunda mai jego ba za ta zo gida ba, sai gida ya je wurinta. Na haɗa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, yajin jego, kanwa, surfaffen gero, da ƙaramin buhu na busasshen ganyen darbejiya. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, ƙaura za ki yi ko kasuwa za ki buɗe?" Na ce ya ɗaura kaya ya rufe mini baki.

Daga Malumfashi muka kama hanyar Kano da sassafe. Kafin Gwarzo taya ta fashe, ta ajiya kuma babu iska, direba yana ta rantsuwa jiya ya duba ta. Muka isa filin jirgi ina haki. A wurin awo aka ce kayana sun yi nauyi, dole na bar rabin geron a hannun ƙanena, ina kallonsa yana murmushin mugunta.

A filin jirgin Alƙahira wani matashin jami'i ya zuge jakata. Daddawa ta yi masa sallama. Ya ja da baya ya toshe hanci, ya kira abokinsa. Suka ciro ƙullin kanwa, suna juya ta, suna shinshinawa, ɗaya har ya kankare ta da farce ya dube ni da idon zargi. Ni kuwa Larabcina na allo ne, ba na kasuwa ba. Na naɗe hannuwa kamar mai rarrashin jariri, na ce, "Binti! Walad!" wato 'yata ta haifi ɗa. Wata dattijuwar jami'a da ke gefe ta fashe da dariya, ta ture samarin nan ta ce, "Mabruk ya Hajja, yalla." Ko'ina ka je a duniya, kaka ta san kaka.

Malam Mustafa ya tarbe ni yana sunkuyar da kai, ni ma ina sunkuyar da nawa. Muka shiga tasi. Jama'a, ashe direbobinmu waliyyai ne! Wannan bawan Allah hannu ɗaya a oda, ɗaya a waya, baki yana faɗa da na gefensa. Har muka isa Hay el-Sabi', unguwar da ɗalibanmu suka fi zama, ban daina salati ba.

Gidan bene ne, su Rukayya a hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo da banɗaki ɗaya. Ku da kuka san kunyar suruki ku auna. Da asuba in buɗe ƙofa in yi alwala sai mu yi kiciɓis da shi, ya koma da baya, in koma da baya, banɗaki ya zauna babu kowa. Sai da Rukayya ta raba mana lokaci. Amma da na ɗauki sabon angona, ɗan jariri mai kumatu da aka sa wa Muhammad, na manta da gajiyar hanya. Na ce masa, "Kai, miji ba ko sisi, ka sa na tsallake ƙasashe."

Abincinsu gurasa ce safe, rana, dare. Wake kuma sai an dafa shi ya narke an kwarara masa mai, suna kiransa ful. Akwai wani koshari, shinkafa da taliya da wake da soyayyiyar albasa a kwano ɗaya. Na ce wa Rukayya wannan ai garau-garau ce ta yi karatu ta zo birni. Abin da ya burge ni, mace ba ta sauka sayen kayan miya. Kwando take ɗaura wa igiya ta zuro ta taga, mai shago ya zuba mata ta janye. Ranar da na gwada igiya ta kuɓuce, tumatir ya watse a kan motar mutane.

Sai maganar wanka. Babu tsakar gida, babu murhu, babu itace. A babbar tukunya muke tafasa ruwa a kan gas, mu kinkima zuwa banɗaki. Ganyen da na kawo ya bushe ƙayau, in na tsoma na fyaɗa mata sai ya marmashe ya bi ruwa. Ni ina na san bututunsu ba ya son ganye? Ba a yi mako ba, wata safiya muna tsakiyar wanka muka ji ana dukan ƙasan ɗakin daga ƙasa, ƙwan, ƙwan, ƙwan! Rukayya ta zaro ido ta ce, "Mama, mun shiga uku, mai gidan ce. Madam Nora."

Na gyara ɗaurin zane na sauka, a shirye nake da faɗa. Na tarar da tsohuwar Baturiya doguwa, gashi fari fat, sanda a hannu, gwiwa a naɗe da bandeji. A tsakiyar kicin ɗinta ga bokiti, koren ruwa yana ɗiga daga sama. Ta buɗe mini wuta da Larabci. Na bari ta kai aya, sannan na ba ta haƙuri da Turanci, wanda na yi shekara da shekaru ina koya wa 'yan firamare. Ta tsaya cak. Ta ce me muke dafawa a banɗaki? Na ce mai jego muke dafawa. Na yi mata bayanin wanka da kunun kanwa da kwana arba'in. Ta yi dariya har ta riƙe bango, ta ce, "Zauna, za ki sha shayi."

Na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. Ta ce zan sha. Na ce wallahi ta bar shi. Ta ce zan sha, zan sha, zan sha, tana ɗora buta. Daga baya ta gaya mini a ƙasarsu ma haka ake yi, baƙo ya ƙi, mai gida ya nace, wanda ya karɓa tun tayin farko ba shi da tarbiyya. Na ce ashe Turawan Ingila sun san kara. Nan take fuskarta ta canja. "Ni ba 'yar Ingila ba ce! 'Yar Ailan ce ni. Waɗanda suka mulke ku, mu suka fara mulka." Na ce to ashe 'yar uwa ce, ta ƙara mini madara.

Mai gyara ya zo ya fitar da ganye, muka koma tace ruwan da rariya. Ni kuma kullum in na gama wankan safe sai in ji sanda a ƙasa sau uku, wato shayi ya haɗu. A haka na san labarinta. Mijinta Bamisire ne, injiniya, a can Ailan suka haɗu yana karatu. Ta biyo shi Alƙahira tana budurwar amarya, ta koyar da Turanci a wata makaranta a unguwar Ma'adi har ta yi ritaya. Mijin ya rasu, ɗansu ɗaya yana aiki a Dubai. Tana Larabci kamar a Masar aka yanke mata cibiya, tana cinikin kifi har mai kifi ya roƙe ta ta tafi. Amma ganyen shayinta daga gida yake zuwa. Yayanta Maikal ne ke aiko mata duk lokacin da ya sami mai tahowa, ta ɓoye shi a gwangwani, ba kowa take ba ba. A kan kantar kicin ɗinta kuma akwai wani baƙin curi kamar tubali. Ta ce ƙasar garinsu ce, yanka ta suke yi su shanya su hura wuta da ita. In kewa ta dame ta sai ta ɓantari kaɗan ta ƙona a faranti ta rufe ido, yadda muke yi da turaren wuta. Ni dai ƙaurin busasshen kashin shanu na ji, amma ban faɗa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rediyo. Kullum da hantsi sai ta buɗe kwamfuta ta kamo gidan rediyon yankinsu, ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Wata murya ta riƙa karanto sunaye a hankali. Na tambaye ta labarai ne? Ta ce sanarwar mutuwa ce. Wane na ƙauye kaza ya rasu, gawa tana gida, za a binne ranar kaza. Na tuna gida, domin ni ma ba na fita in ba na ji sanarwa ba. Wani sunan ta ce, "Allah sarki, ajinmu ɗaya." Wani ta ce, "Wannan ya so aurena, kunnuwansa ne suka yi mini girma." In an gama ta sauke ajiyar zuciya ta rufe kwamfuta. Na gane ba sunayen da aka faɗa take saurara ba. Suna ɗaya take tsoro, kullum tana jira a gama ba a faɗe shi ba.

Maikal shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu. Manomi ne, yana kiwon shanu a gonar ubansu, huhunsa ya lalace. Ta so tafiya ta gan shi tun bara, aikin gwiwa ya tsayar da ita, likita ya ce ba ita ba jirgi sai bazara. Duk Lahadi bayan la'asar take kiransa a waya. Na sha zama ina ji, domin kunnensa ya yi nauyi, ihu suke yi wa juna.

"Maikal, ana ruwa?"

"Ana yi! Tun Talata bai ɗauke ba. Ku fa?"

"Rana ce ƙwal."

"Kin huta."

Daga nan sai saniyar da ta haihu, sai wanda ya mutu, sai wanda ya je jana'iza da wanda bai je ba. Shi ke nan. Na ce mata, "Madam, yanzu duk kuɗin wayar nan a kan ruwan sama? Ba za ki ce masa kina kewarsa ba?" Ta ce, "Hajja, in na faɗa zai ɗauka mutuwa zan yi. Ruwan nan da kike ji, shi ne maganar." Na gane, domin mu ma in an ce yaya ruwa, muka ce ya yi gyara, ba ruwan kaɗai ake nufi ba. Bambancin dai su kuka suke da shi, mu roƙonsa muke.

Wata rana ta gaya mini abin da ke cin ta. Lokacin da mahaifiyarta ta rasu, a waya ta ji, ba ta sami zuwa ba. Ta ce, "A garinmu in mutum ya mutu a falonsa ake kwantar da shi. Ƙofa a buɗe, gari duka ya zo, a sha shayi, a ba da labarinsa. Ni kuwa na ajiye waya, na wanke kwanuka, washegari na tafi aji. Da mijina ya rasu gidan nan ya cika, domin sun san shi. Nawa fa? Wa ya san su a nan? Ban yi wa uwata kuka ba, Hajja. Babu wanda zan yi a gabansa." Ta dubi gwiwarta ta ce, "Maikal dai ya jira ni zuwa bazara."

Bai jira ba. Wata Alhamis, saura 'yan kwanaki mu yi arba'in, ina dama kunu bayan azahar na ji sanda. Ba lokacin shayi ba ne, kuma ba sau uku ba ne, bugu ne ba tsayawa. Na sauka ko takalmi babu. Na same ta zaune, waya a cinya. Ta ce, "'Yarsa ce ta kira. Ya tafi da safe. Asabar za a binne shi." Idonta a bushe. Ta miƙe da kyar ta nufi wurin wanke-wanke, ta ɗauki kofi mai tsabta ta fara wanke shi.

Wallahi raina ne ya ɓaci. Na karɓe kofin na ce ta zauna. Na hau sama na tsaya a bayan ƙofar ɗakin surukina, ranar na ajiye kunya, na ce, "Malam, an yi wa matar nan mutuwa, ba ta da kowa. Kirista ce. Me littafi ya ce?" Ya ce, "Mama, haƙƙin maƙwabci bai tambayi addini ba. Ku je ku zauna da ita, ku ba ta haƙuri." Na ce wa Rukayya ta ɗauki waya ta kira duk matar ɗalibin da ta sani, ta ce Mama ta ce gobe akwai zaman makoki a hawa na uku.

Da safe muka ture kujerun falonta jikin bango, muka shimfiɗa tabarmi da dardumai. Na ɗora tuwo da miyar kuka. Na sa mai gadin gidan ya dafe ƙofa da dutse ta zauna a buɗe. Bayan an sauko Juma'a suka fara zuwa, 'yan Kano, 'yan Sakkwato, wata 'yar Maraɗi, kowa da goyo ko da kwano. Har Hajja Amina, Bahaushiyar Sudan, ta taso tun daga unguwar Faisal da butar gahawa. Kowace ta tuɓe takalmi, ta durƙusa gaban Madam Nora ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya ba da haƙuri," sannan ta nemi wuri ta zauna ta yi shiru.

Madam Nora ta yi ta kallonsu. Can ta raɗa mini, "Me ya sa suka yi shiru? Mu ba ma shiru." Na ce, "Ai ba mu san shi ba. Ba mu labarinsa." Ta fara, ina juyawa da Hausa. Yadda ya taɓa shigo da ɗan maraƙi kicin saboda sanyi, maraƙi ya cinye burodin Lahadi, uwarsu ta bi su da tsintsiya su biyun. Mata suka toshe baki da hijabi, kafaɗu suna rawa, domin a wurinmu dariya a makoki abin kunya ne. Ta ce su yi abarsu, Maikal zai so haka. Sai ta zo kan ranar da za ta bar gida. Shi ya ɗaura akwatinta a keke ya raka ta bakin titi. Mota ta zo, tana jira ya ce wani abu. Ya dubi sama ya ce, "Za a yi ruwa, ki rufe kanki." A nan muryarta ta karye. Ta kifa kai a kafaɗata ta yi kuka mai sauti, kukan Maikal da na uwarta gaba ɗaya. Babu wadda ta ce ta daina. Rabin falon ma kukan suke, kowace da wanda ta baro a gida.

Wajen la'asar 'yar Maikal ta kira ta kwamfuta, irin kiran da ake ganin juna. Ta zaga da mu gidan. Ga shi kwance a akwati a buɗe, cikin kwat, a falonsa. An tsayar da agogon bango, an rufe madubi da ƙyalle. Mutane a jere suna shiga suna ba iyalin hannu, tsofaffi a kicin da kofunan shayi. Mu da muke gaggauta kai mamaci makwancinsa, abin ya yi mana baƙo, amma zaman nasu mun gane shi. Sai matar Maikal ta matso da fuskarta, tsohuwa ƙarama, ido jawur. Ta ce, "Nora, ina ta tunaninki. Ke kaɗai ce a can?"

Madam Nora ta share fuska. Ta ɗauki kwamfutar da hannu biyu ta juya ta. Mata cike da tabarmi har bakin ƙofa, jarirai, kwanukan tuwo, takalma jibge a waje. Ta ce, "A'a. Gidana a cike yake." Mutanen can suka matso suna kallonmu. Sannan wani tsoho ya ɗaga mana kofin shayinsa, sauran suka ɗaga. Hajja Amina ta ɗaga nata na gahawa. Washegari da hantsi aka karanta sunansa a rediyo, hannunta yana cikin nawa.

Mun yi arba'in, na fara ɗaure kaya. A lokacin ne Rukayya ta gaya mini Malam ya sami aikin fassara, ba za su dawo nan kusa ba. Na ce Allah ya sa alheri, na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji kukana. Ita ma Madam Nora ai da za ta bar gida, shekara biyu kawai ta ce wa uwarta za ta yi.

Lahadina ta ƙarshe na sauka bayan la'asar in yi mata sallama. Na same ta zaune kusa da waya, ta sa hannu a kai, ta manta babu wanda za ta kira. Ta ga na gani. Ta tura mini gwangwanin shayin nan ta ce in ɗebi rabi. Na ce na gode, ta bar shi. Ta ce zan ɗiba. Na ɗiba. Sannan na rubuta mata lambata na ajiye a kan wayar, na ce, "Mu ma ana ruwa a garinmu, sai dai ki jira damina."

Dawowa ba wani labari, na yi barci har Kano. Ganyen shayin yana nan a ƙasan akwati, kada wadda ta zo ta ce in dafa mata. Da bazara Madam Nora ta je ta ga kabarin, ta dawo Alƙahira, ta ce can ɗin ma yanzu baƙuwa ce. Rukayya tana sauka wurinta da yaron kullum, ita ke kira mini su in ji muryarsa.

Jiya Lahadi, ina idar da la'asar waya ta yi ƙara.

"Hajja, ana ruwa?"

Na ce, "An yi na farko daren jiya. Ya yi gyara."

"Madalla. To wa ya mutu a garinku?"

Na jawo kujera na zauna, na fara faɗa mata. Mutanen da ba ta taɓa gani ba, ina kiran suna tana cewa "Allah sarki" da harshenta mai nauyi, har katinta ya ƙare.